Alhakin Da Matashi Ke Ɗora Wa Kansa Bayan Rasuwar Ɗan'uwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka yi rasuwar yaro a gida, kowa ya san inda zai kai gaisuwa. Maza su tarar da uba a zaure ko a ƙofar gida su yi masa ya haƙuri, mata su shige ɗakin uwa su zauna da ita. Amma akwai mutum guda wanda ba safai ake tunawa da shi ba, watau wan mamacin, ko yayarsa, ko ƙanensa, saurayi ko budurwa mai shekara 13 zuwa 18, wanda suka tashi tare, suka kwana a tabarma ɗaya, suka sa hannu a kwano ɗaya. Shi ake aike ya aro tabarmi ya cika butoci, ita ake sa wa girki da wanke-wanke domin baƙi. Harshen Hausa kansa bai tanadar masa suna ba. Wanda ya rasa mahaifi maraya ne, wadda ta rasa miji tana takaba, amma wanda ya rasa ɗan'uwa ba a kiransa da komai, alhali kuwa Hausawa ne suka ce ɗan'uwa rabin jiki.

Sau da yawa wannan matashi yana ɗauke da kaya biyu. Na farko baƙin cikin rashi, wanda kowa a gidan yake ji. Na biyu kuwa, wanda ya fi nauyi, shi ne zargin kai: wata murya a zuciyarsa mai ce masa shi ne sanadi. To, tambayar da ta kamata a duba ita ce, ina gaskiyar wannan murya a ma'aunin Shari'a? Yana da alhaki ko ba shi da shi? In yana da shi, ina iyakarsa?

Yadda Zargin Yake Tasowa

A gidajen Hausawa babba shi ne mai kula da ƙarami. Yarinya tun tana 'yar shekara takwas take goyon ƙanenta, yaro kuwa shi ke jan ƙannensa zuwa makarantar allo, ko gona, ko kiwo. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma tana nufin in tsautsayi ya zo, sau da yawa wani yaron ne yake kusa. Yarinya ta ajiye goyo ta juya ɗaukar guga, kafin ta waiwayo ya rarrafa bakin rijiya. Samari su tafi wanka kududdufi da damina, su dawo babu ɗaya. Wa ya aiki ƙane sayen sabulu a tsallaken titi, mota ta yi gaba da shi. Wani kuma babu hatsari ko kaɗan: zazzaɓin cizon sauro ne, ko amosanin jini, ko sanƙarau irin wanda ya ci rayuka sama da 11,000 a arewacin Nijeriya a 1996. Ciwo ya kama yara biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya tashi ɗaya ya tafi, wanda ya tashi ya zauna yana tambayar kansa don me shi aka bari.

In an lura za a ga waɗannan misalai ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ba shi da hannu sam, sai dai yana tuna faɗan da suka yi da mamacin, ko baƙar maganar da ya faɗa masa. Akwai wanda aikinsa ya shiga cikin jerin sababai, amma aikin halal ne wanda kowa ke yi kullum, kamar aike. Akwai kuma wanda ya yi sakaci na haƙiƙa, kamar wanda ya ɗauki babur bai iya ba, ya goya ƙanensa, bayan an hana shi. Zuciyar matashi ba ta rarrabe waɗannan. Takan tara su duka ta yanke hukunci guda, cewa shi mai kisa ne, kuma hukuncin ba shi da ranar ƙarewa.

Manya kuwa sukan ba shi ɗayan amsoshi biyu. Wasu su ce ƙaddara ce, a bar maganar, su rufe masa baki tun bai faɗi abin da ke cinsa ba. Wasu, cikin zafin rashi, su jefe shi da cewa kai ka kashe shi. Dukkan amsoshin biyu sun saɓa wa hanyar Shari'a. Shari'a ba ta share alhaki da sunan ƙaddara ba, ba ta kuma bar shi babu ma'auni ba. Tana auna shi da abu uku: me mutum ya yi nufi, me ya sani a lokacin, me yake da ikon yi. In an auna aka sami laifi, to Shari'a ta yanka masa iyaka, ta kuma buɗe masa ƙofar fita.

Da Na Sani Ƙeya Ce

Abu na farko da ya kamata matashin ya ji shi ne ajali ba ya hannunsa. Suratu Ali Imrana ta yi wannan bayani bayan yaƙin Uhudu, inda Musulmi suka rasa mutum 70. Aya ta 145 ta tabbatar cewa kowane rai yana da wa'adi rubutacce wanda ba ya mutuwa sai da shi. Aya ta 156 da ta 168 kuwa sun kawo maganar wasu mutane game da 'yan'uwansu da suka mutu, suna cewa da sun zauna a gida, ko da sun ji shawara, da ba su mutu ba. Allah Ya hana muminai su yi kama da su, Ya kuma nuna cewa irin wannan magana takan zama hasara mai cin zuciya. Abin lura shi ne ayoyin a kan 'yan'uwa suke magana, kuma kalmar da suka tsawatar a kanta ita ce dai wadda ke bakin wannan matashi dare da rana: da na hana shi, da ban aike shi ba, da na waiwaya da wuri.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mumini ya yi ƙoƙarin neman abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya yi kasala. Amma in abu ya riga ya same shi, ya mayar da shi ga ƙaddara, ya bar faɗin da na yi kaza, domin wannan kalma ƙofa ce ta aikin Shaiɗan. Hadisin ya raba lokaci gida biyu. Kafin abu ya faru lokacin himma ne da taka-tsantsan. Bayan ya faru lokacin sallamawa ne.

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Hikimar wannan karin magana ta fi yadda ake zato zurfi. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa, haka nan ba ya ganin abin da zai faru bayan daƙiƙa biyar. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Baruch Fischhoff, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda wani al'amari ya ƙare, sai ya riƙa ganin tun farko ƙarshen a bayyane yake, har ya manta cewa a da bai san haka ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga yaron da ya aiki ƙanensa. Ya aike shi sau ɗari ya dawo lafiya, na ɗari da ɗaya bai dawo ba. Yau yana hukunta kansa na jiya da ilimin da na jiyan ba shi da shi. Sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, kuma Bai kallafa wa bawa ya yi aiki da abin da Bai sanar da shi ba.

Tarihin Sahabbai yana da misali mai kama da wannan. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) yana da ƙane mai suna Umairu, ɗan shekara 16. Ranar fita yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Sa'adu ya ga yaron yana ɓuya cikin mutane don kada Annabi (SAW) ya gan shi ya mayar da shi saboda ƙuruciya. Da aka gan shi aka ce ya koma, ya fashe da kuka, sai aka ƙyale shi. Sa'adu da kansa ya ɗaure masa maratayin takobi saboda ƙanƙantar jikinsa. Umairu ya yi shahada a wannan yaƙi. Da zuciyar Sa'adu ta bi hanyar da na sani, da ta sami abin riƙewa: shi ya gan shi yana ɓuya, shi ya ɗaura masa takobi. Amma Sa'adu ya ci gaba da ba da labarin ƙanensa ga na baya, ya yi tsawon rai, ya jagoranci rundunar Musulmi a Ƙadisiyya. Hannunsa ya shiga cikin sababi, amma ajalin ba nasa ba ne.

Wanda kuma yake tuna baƙar maganar da ya faɗa wa mamacin cikin fushi, har yana tsoron bakinsa ne ya kama shi, ya dubi aya ta 11 a Suratu Yunus. Ta nuna cewa da Allah Yana gaggauta wa mutane sharri yadda suke gaggawar neman alheri, da tuni an gama da su. Mujahid, almajirin Ibnu Abbas, ya fassara ta da irin mugun bakin da mutum kan yi wa ɗansa ko dukiyarsa in ransa ya ɓaci. Mugun baki abin hani ne, yana kuma bukatar istigfari, amma 'yan'uwa ba su taɓa zama babu saɓani ba, kuma faɗan ƙarshe ba shi ne ya share shekarun da aka yi ana ƙauna ba.

In Kuwa Akwai Sakaci Fa?

Mai hankali zai iya cewa, in aka riƙa gaya wa kowa ajali ne, ashe ba a buɗe ƙofar sakaci ba? Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma malamai sun amsa ta da wata ƙa'ida: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa hujja da ita a kan laifi. Sayyidina Umar (RA), da ya ji labarin annoba a Sham, ya juya da mutanensa daga hanya, ya ce gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka wanda ya yi sakaci na gaske ba za a ce masa bai yi komai ba. Shi kansa ya san ya yi, kuma in aka yi masa ƙarya don a lallashe shi, sai ya daina yarda da duk wani lallashi.

Abin da za a gaya masa shi ne gaskiyar hukuncinsa, domin ta fi hukuncin da ya yanka wa kansa sauƙi nesa ba kusa ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta ɗauke zunubi daga abin da aka yi bisa kuskure, ta tsayar da shi a kan abin da zuciya ta yi da gangan. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta tsara hukuncin kisan kuskure: diyya, da kaffara ta 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Ayar ta kira wannan kaffara tuba daga Allah, watau hanya ce da Shi da kanSa Ya shimfiɗa domin bawa ya komo. Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi a ƙasar Hausa, ta bayyana cewa diyyar kuskure dangi ne suke ɗauka, kuma ko ganganci yaron da bai balaga ba ya yi, hukuncin kuskure ake ba shi. Ta ƙara da cewa mai kisan kuskure yana gadon dukiyar mamacin, diyya ce kawai ba ya gada. A dubi ma'anar wannan. Ko a inda aka tabbatar da kuskurensa ne ya jawo mutuwar, Shari'a ba ta cire shi daga 'yan'uwantaka ba, ba ta kuma bar shi ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Ko wani sakaci ya kai matsayin da kaffara za ta hau kan mutum ko bai kai ba, wannan al'amari ne da za a kai gaban malami masanin fiƙihu, a zayyana masa yadda abin ya faru. Yin hakan kansa magani ne, domin yana fitar da shari'ar daga hannun alƙalin da ke cikin ƙirji, wanda ba ya jin shaida, ba ya kuma rufe ƙara.

Usamatu ɗan Zaidu (RA) yana matashi ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, bisa zaton tsoron takobi ne ya sa ya furta. Annabi (SAW) bai rufe masa laifin ba, ya yi ta maimaita masa tuhuma har Usamatu ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. Duk da haka, a shekara ta 11 bayan Hijira, Annabi ya naɗa shi shugaban runduna mai ɗauke da manyan Sahabbai, alhali bai haura shekara 20 ba. An faɗa masa gaskiya, ya yi nadama, aka kuma ci gaba da amincewa da shi.

Alƙur'ani ya kawo nadama iri biyu a tsakanin 'yan'uwa. Ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, Suratul Ma'ida ta ce ya wayi gari cikin masu nadama, amma ba ta ambaci ya nemi gafara ba. 'Yan'uwan Annabi Yusufu kuwa, waɗanda da gangan suka jefa shi rijiya, sun amsa laifinsu a gabansa, suka roƙi mahaifinsu ya nema musu gafara, aka kuma yafe musu. Nadamar da ke kai mutum ƙofar Ubangiji ibada ce. Wadda ke kulle shi a ɗaki yana cin kansa, tana raya masa cewa irin nasa laifin ya fi ƙarfin gafara, ita ce yanke ƙauna da aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana. In masu ganganci sun sami ƙofa a buɗe, ina ga yarinyar da ta juya ɗaukar guga?

A nan kuma dole a faɗa wa manya tasu gaskiyar. Wa ya bar rijiya babu murfi? Wa ya bar wa 'yar shekara tara jariri da murhu da wanki a lokaci guda? Wa ya ba yaro makullin babur? A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka masu yawa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Yaron da ya tsira daga irin wannan hatsari, ya kasa riƙe hannun ƙanensa a cikin ruwa, ba shi ya yi lodi ba, ba shi ke da alhakin tanadin rigunan ceto ba. Hadisi ya tabbatar cewa kowa makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, kuma kiwon yara a wuyan manya yake. Zalunci ne babba ya sauke nasa kason a kan ƙarami don kawai ƙaramin ne ya fi kusa da wurin.

Hawaye Ba Saɓo Ba Ne

Bayan an warware maganar alhaki, baƙin cikin kansa yana nan, kuma shi ma akan sa matashi ya ji kamar laifi ne. A ce wa saurayi namiji ba ya kuka, a ce wa budurwa hawayenta wuta ne a kan mamacin. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahimu, da Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki, ya gaya masa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta kalmar fushi da hukuncin Allah. Hadisin da ke maganar azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, jumhurun malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyyar a yi masa kururuwa, Nana A'isha (RA) kuwa ta tunatar da cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wannan bai fitar da shi daga haƙuri mai kyau ba, domin ga Allah ya kai kukansa.

Shari'a ta iyakance zaman makoki ga kwana uku, in ba matar da mijinta ya rasu ba. Zainabu 'yar Jahshi (RA), da ɗan'uwanta ya rasu, ta sa aka kawo mata turare ta shafa, ta ce ba don tana sha'awarsa ba, sai don bin wannan umarni. Amma iyakar ta alamun makoki ce na zahiri, ba a yanka wa zuciya kwanaki ba. Sayyidina Umar ya rasa wansa Zaidu a yaƙin Yamama, ya kuma kasance yana cewa iskar gabas ba ta kaɗawa face ta tuna masa da shi. A ƙasar nan ma Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837. Saboda haka matashin da ya ga an watse bayan addu'a, kowa ya koma harkarsa, shi kuwa har yanzu yana jin motsin ƙanensa a ɗaki, kada ya zaci imaninsa ne ya yi rauni. Haka kuma ranar da ya sami kansa yana dariya cikin abokai, kada ya ɗauka ya ci amanar mamaci. Sauƙin da ke zuwa bayan tsanani kyauta ce daga Allah, karɓarta godiya ce.

Abin Da Ya Hau Kan Iyaye Da Malamai

A yaƙin Haibara takobin Amiru ɗan Akwa'u ya juyo ya sare shi, ya rasu. Wasu suka fara cewa aikinsa ya ɓaci tun da shi ya kashe kansa. Ɗan'uwansa Salamatu ya zo wa Annabi (SAW) yana kuka, Annabi ya ƙaryata masu wannan magana nan take, ya ce Amiru lada biyu gare shi. Bai bar maganar mutane ta kwana a zuciyar mai rashi ba. Da Ja'afaru ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya umarci a yi wa iyalinsa abinci, bayan kwana uku ya je gidan, ya sa aka kawo masa yaran da kansu, aka yi musu aski, ya yi musu addu'a. Nana A'isha kuwa takan sa a dama wa masu rashi talbina, wani irin kunu na sha'ir, bisa hadisin da ya ce tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Ke nan sunna ce a nemi yaro a gidan rasuwa, a dafa kansa, a duba ko ya ci abinci.

Magana zarar bunu ce. Uwa ko uba da zafin rashi ya sa suka ce wa ɗansu kai ne sanadi, wajibi ne su koma su janye maganar da bakinsu, a fili, ba su bar ta ga alkunya ba. Yaro ba ya karanta yafiya a cikin shiru, shirun ma shi yake ɗauka tabbacin hukunci. Jumla guda daga uba, cewa na san ba nufinka ba ne, kuma kai ma ɗana ne, ta fi wa'azin shekara amfani a gare shi. Kada kuma a mayar da mamaci ma'aunin da ake auna mai rai da shi, ana cewa da wane ne da bai yi haka ba. Iyayen da suka rasa ɗa guda su yi hattara kada su rasa na biyu yana zaune a gabansu.

Labarin zuciya a tambayi fuska. In watanni suka shuɗe matashi ba ya barci, ba ya cin abinci, ya bar makaranta, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara shaye-shaye, ko yana cewa gara shi ma ya bi ɗan'uwansa, to abin ya wuce a ce masa ya yi haƙuri kawai. Maganar son mutuwa musamman ba a jinkirta ta ko kwana ɗaya, a zauna da shi, a kai shi ga likita. Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abu Zaidu Albalhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da nasiha ke warkarwa da wanda yake bukatar magani na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sanya baƙin cikin rashi mai tsanani da ya zarce wata shida yana hana mutum harkokinsa cikin abubuwan da ake yi wa magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Shi kuma matashin, ƙaunar da yake yi wa ɗan'uwansa tana da inda za ta tafi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdurrahmani ɗan Abubakar ya rasu cikin barci, babu wasiyya babu sallama, sai 'yar'uwarsa A'isha ta 'yanta bayi masu yawa a madadinsa. Ba ta sami damar yi masa bankwana ba, amma ta sami abin da za ta aika masa. Wanda ba shi da dukiya yana da addu'a a cikin sujada, yana da sadaka ko da ta ƙwayar dabino ce, yana da biyan ɗan bashin da ya san mamacin ya bari, yana da kyautata wa iyayen da suka yi rashi tare. In yana jin akwai haƙƙin mamacin a kansa, ya yawaita nema masa gafara. In kuma yana son da na sani ta zama abin amfani, ya juya ta gaba: ya rufe rijiyar, ya tsallakar da yaran unguwa titi, ya ja kunnen abokinsa mai gudu da babur. Azabtar da kai ba ta ƙara wa mamaci komai a kabarinsa, amma addu'a da sadaka suna isa gare shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga, Ya ba iyayensu da 'yan'uwansu haƙurin rashi, Ya sauke wa kowane yaro nauyin da ba nasa ba, Ya gafarta wa mai kuskure kuskurensa, Ya tara 'yan'uwa a gidan da babu rabuwa. Allah Shi ne Mafi sani.